Sallamar da Aka Datse

Yammacin wata Talata ce cikin kaka. Rana ta riga ta faɗa bayan katangar maƙwabta, ta bar tsakar gidan Zakiyyu cikin inuwa mai sanyi. Hasana matarsa tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. 'Yarsu Adawiyya, wadda ta shiga shekara ta goma sha huɗu, ta dawo daga Islamiyya ko hijabi ba ta cire ba, ta zauna a tabarma tana tsince wake. Shi kuwa mai gidan yana cikin ɗan ɗakin da ke jikin zaure, wanda ya toshe tagarsa da tsohuwar katifa, ya liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai, ɗakin da mutanen unguwa suke kira situdiyo.

A nan yake neman abincinsa. Tun da aka ƙaddamar da shari'a, shekara uku ke nan, makaɗa suka ja jiki, wasu suka koma gona, wasu suka shiga kasuwa. Amma masu bege da masu tallar magani da mawaƙan biki ba su daina son amon ganga a kaset ɗinsu ba, sai dai ba wanda yake so a gan shi da makaɗi. Irin waɗannan su ne suke sallama a zauren Zakiyyu, domin yana da wata na'ura da ya sayo ta hannu a Kano, wadda ake kira samfila. Akwatin ƙarfe ce mai maɓallan roba goma sha shida da ɗan gilashi mai koren haske. Kowane maɓalli yana riƙe sauti guda, in ka taɓa shi sai sautin ya fito kamar mai shi yana ɗakin.

Cikinta ƙarami ne, kuma ba ta da riƙo. In aka ɗauke wuta, duk abin da ke ciki ya tafi, sai wanda aka riga aka sauke a faifai. Saboda haka Zakiyyu ya tara ƙananan faifai masu kusurwa huɗu sama da ɗari biyu a cikin gwangwanayen biskit, kowanne da sunansa da biro: kalangun Zango, luguden matan Baure, kuge, guɗa, kukan maraƙi. Ya san gurbin kowanne ko ido a rufe. Yakan ce wa Hasana nan da shekara ashirin ba za a sami mai kaɗa rabin waɗannan ba, sai a gwangwaninsa.

A wannan yammaci yana haɗa tallar wani mai maganin ciwon baya, ya bar wani guntun kiɗan garaya yana zagayawa a maɓalli na tara, sai aka ɗauke wuta. Fanka ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Koren hasken ya mutu. Zakiyyu ya yi tsaki, don aikin awa biyu ne bai sauke ba, ya jingina da bango ya rufe ido. Sai da ya ɗan jima a haka kafin ya lura cewa garayar ba ta tsaya ba.

Ya miƙa hannu ya zare filogi daga bango. Ya zare wayar lasifika. Kiɗan bai fasa ba, yana zuwa daidai inda yake yankewa, ya sake komawa farko. Da ya kasa kunne sosai sai ya ji ba ma daga lasifikar yake fitowa ba, daga tsakar gida ne. Ya leƙa. Hasana ta tsaya da muciya a hannu. Adawiyya ta ɗaga kai tana duban wani wuri tsakanin rijiya da bango, inda babu komai. Suna nan a haka har ladan ya ɗaga murya ya kira magariba, kiɗan ya ɗauke ɗif. Sannan tsakuwa ta farko ta faɗo a kan kwanon ɗakin Hasana, ta gangaro a hankali, ta faɗi a ƙasa.

Zakiyyu ya san inda ya samo garayar nan. Wata biyu kafin haka ya hau babur ya tafi wani ƙauye gaba da garin Babban Mutum, wurin wani tsoho da ake kira Audi, wanda a da shi ne yake kaɗa wa 'yan bori a duk yankin. Tsohon ya rataye garayarsa tun da gari ya sauya, 'ya'yansa ma ba sa son a tayar da zancen. Sau uku Zakiyyu yana zuwa ana sallamarsa da ruwan sha. A na ukun ya ce wa tsohon shi ba wasa zai yi da ita ba, so yake kawai kada amon ya bi mai shi kabari. Audi ya daɗe yana dubansa, sannan ya sa aka sauko da garayar, ya shiga da shi bayan rumbu, ya kaɗa masa kiɗa guda a ƙaramar rikoda. Da ya gama, ya dafa hannun Zakiyyu.

"Wannan ba na rawa ba ne, ɗana," in ji shi. "Duk ran da ka fara shi, ka kai shi ƙarshe."

Zakiyyu ya ce to. Amma da ya dawo gida Daura ya zo zuba kiɗan a samfila, sai ya tarar ya fi ƙarfin cikinta. Farkonsa ne mai armashi, mai kaifi da sauri. Ƙarshensa kuwa sanyi yake yi, tsirkiya tana ja da baya, tsohon yana wasu maganganu ƙasa-ƙasa da ba a ji sosai. Ya yi abin da ya saba yi wa kowane sauti: ya datse wutsiyar, ya goge ta don ya sami wuri, ya ɗaure farkon yadda zai riƙa zagayowa ba tsayawa. Ya sa masa suna AUDI, ya sauke a faifai. Kaset ɗin rikodar kuwa bayan kwana biyu ya ɗauki wani mai bege a kansa. Ko sau ɗaya maganar tsohon ba ta dawo masa ba, sai ranar da tsakuwa ta fara sauka.

Daga ranar, abin ya zama na kullum. Da rana gidan lafiya lau. Amma da zarar inuwa ta cinye tsakar gida, sai jifa ta fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Maƙwabta suka hau katanga, suka zagaya lungu, ba su ga kowa ba. Daga nan sai sautukan da ke cikin gwangwani suka fara fitowa da kansu. A ji lugude daga turmin da yake kife. A ji maraƙi yana kuka a banɗaki. Wata rana Hasana tana alwala aka rangaɗa guɗa daidai kunnenta, butar ta suɓuce mata, ta zauna a ƙasa tana salati. A ƙarƙashin duk wannan kuma garayar tana nan, tana kaiwa inda aka datse ta, tana komawa.

Zakiyyu ya ɗauko faifan da AUDI yake ciki ya goge shi. Gilashin ya nuna an goge. Ya saka faifan kalangu don ya ci gaba da aiki, sai ga sunan a maɓalli na tara. Ya saka na kuge, yana nan. Ya ɓare sabon faifai daga leda, wanda ba a taɓa sauke komai a kansa ba, ya tura, ya zauna yana kallon haruffa huɗun nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Bai gaya wa Hasana ba. Ya kashe na'urar, ya lulluɓe ta da bargo, ya sa wa ɗakin kwaɗo.

Unguwa kuwa ta fara magana. Aka ce Zakiyyu yana sa kiɗan bori a lokacin salla. Mai unguwa ya kira shi ya yi masa nasiha cikin mutunci, ya rantse ba shi ba ne, aka dube shi kawai. Masu bege suka daina zuwa. Matan da suke aiko yara ɗiban ruwa a rijiyar gidan suka sauya rijiya.

Ran kwana na tara Adawiyya ta faɗi. Tana jan guga ne da yamma, igiya ta zame daga hannunta, ta sulale ta kwanta a gefen rijiyar, ido a buɗe. Da suka kai ta ɗaki ta fara wani gunji a maƙogwaro, kuma Zakiyyu ya gane shi tun kafin ta kai rabi. Garayar ce take yi da bakinta, ba kuskure ko ɗaya, tana yankewa daidai inda ya yanke. In ta yi shiru sai ta juyo ta dube shi kamar za ta yi magana, ta ce, "Baba ka... Baba ka... Baba ka..." har muryarta ta dushe. Ba ta ci sai an ɗura mata kunu. A asibiti aka auna ta, aka ce ba zazzaɓi, ba komai, aka ba su maganin barci.

Washegari da sassafe Zakiyyu ya hau babur ya nufi ƙauyen Audi. A ƙofar gida ya tarar da babban ɗan tsohon yana sussukar gero. Ya gaya masa Baba ya rasu yau kwana ashirin, garayar kuma sun fasa ta sun sa a murhu tun ranar uku, don ba sa son ta kwana a gidan. Zakiyyu ya tambaya ko akwai wanda ya koyi kiɗan a wurinsa. Mutumin ya ce su nan gidan ba su san wannan ba, ya ci gaba da aikinsa.

Hasana ce ta ce a kira Malam Abdulmuhaimin. Dattijo ne mai karantar da manya a zaurensa cikin gari, an san shi da ruƙiyya, an kuma san ba ya wasa da abin da ya saɓa wa tauhidi. Zakiyyu ya je ya durƙusa ya faɗa masa komai, har da bayan rumbu, har da datsewar. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya ce ya ji, zai zo Alhamis bayan la'asar, a tanadi ruwa a ƙwarya da ganyen magarya.

Ya zo shi kaɗai. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da yarinyar a lulluɓe, Hasana ta riƙe kafaɗunta. Malam ya zauna daga gefen kanta ya fara karatu, murya ƙasa, ba ya sauri. Ya daɗe yana yi ba abin da ya motsa sai inuwar katanga da take matsowa. Can sai jikin yarinyar ya sandare. Ta tashi zaune, ta ture hannun uwarta kamar an ture kara, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, mai kauri, mai gajiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da ya kawo ta jikin yarinyar da ba ta yi mata komai ba. Ta ƙi faɗin sunanta. Ta ce ita a wani kufai take zaune, can wajen iyaka, tun kafin a haifi kakan mai gidan nan, kuma ita ba zuwa ta yi ba, kiranta aka yi.

"Audi in ya kira ni, na zo, na yi abin da ya kawo ni, sai ya sallame ni in koma," in ji ta. "Wannan kuwa ya kira ni, na taso. Kafin in iso ya sake kira. Ina bakin ƙofarsa yana kira, yana kira, wuni guda, wata biyu. Ba a ce in shigo ba, ba a ce in koma ba. Na yi jifa, bai ji ba. Ina sallamata?"

Ta juyo da idon Adawiyya ta dubi Zakiyyu. Shi kuwa ya zauna a ƙasa. Ya ce ya goge ta, bai sani ba, wuri ne ya yi masa kaɗan. Ya buɗe baki ya gwada ko zai tuno yadda ƙarshen yake, amma sau biyu kawai ya taɓa jin sa, duk abin da ya fara sai ya zame ya koma farkon kiɗan. Malam ya ɗaga hannu ya dakatar da shi.

Daga nan aka shiga ciniki. Ta ce a yanka mata baƙar akuya a bakin rijiya. Malam ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah, ya ci gaba da karatu har ta yi ƙara ta ce ta janye. Ya kira ta zuwa ga musulunci, ta ce ta ji, ba yau aka fara gaya mata ba. Ta ce to a nemo wani mai garaya ya sallame ta. Malam ya ce ba za a kaɗa wa aljan garaya a gabansa ba, kuma ko an so, mai ita ya mutu. Sannan ta ce, tun da haka ne, duk wata murya da mutumin nan ya kulle a gwangwani ya sake ta, don kiranta ya shiga cikinsu duka, muddin ɗaya ya rage za ta ci gaba da jin sa.

Malam ya ce wannan babu saɓo a ciki, dukiyarsa ce, in ya ga dama ya ƙona. Ya dubi Zakiyyu. Zakiyyu ya tashi ya buɗe kwaɗon.

A tsakiyar gidan ya tara kara ya kunna. Ya riƙa ɗauko faifan ɗaya-ɗaya yana jefawa, roba tana narkewa tana wani baƙin hayaƙi mai ɗaci. Bai so ya karanta sunayen ba, amma idonsa ya ƙi bari. Aikin shekara uku, da tafiyar babur ƙauye-ƙauye, da tsofaffin da wasunsu sun riga sun mutu. A gwangwani na ƙarshe ya ci karo da wani faifai da ya rubuta wa ADA. Ranar da ya kawo na'urar gida ne ya gwada ta da muryar 'yarsa, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ta yi waƙar gaɗa baiti ɗaya ta fashe da dariya. Ya juya baya kaɗan, ya zura shi a aljihu.

"Da na aljihun," in ji muryar daga tabarma.

Ya fito da shi. Ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya sa a wuta.

Malam ya sa ta yi alkawarin za ta fita ba za ta dawo ba, ta yi. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Ƙafar ta fara rawa. Rana ta kusa faɗuwa, tsakar gidan ya yi jawur da hayaƙi.

"Zan fita, Malam, don ba zan iya da karatunka ba," ta ce. "Amma korata aka yi, ba sallamata aka yi ba. Zan riƙe wani abu har ranar da aka sallame ni."

Malam ya ɗaga murya ya koma karatu da ƙarfi, amma ƙafar ta riga ta miƙe ta saki. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta faɗa jikin uwarta. Hasana, wadda saboda kunyar 'yar fari ba ta taɓa kiran sunanta ba tun da ta haife ta, ta rungume ta tana cewa Adawiyya, Adawiyya. Yarinyar ta buɗe ido. Ta gane uwarta, ta gane ubanta, ta dubi baƙon dattijo ta gyara lulluɓinta. Sannan ta buɗe baki za ta amsa, leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito.

Ba a sake jifa a gidan ba. Turmi ya koma turmi, maƙwabta suka dawo ɗiban ruwa. Malam ya yi kwana bakwai yana zuwa yana karatu a kanta, ba abin da ya amsa masa. A rana ta bakwai ya ja Zakiyyu zaure ya ce masa gaskiya babu kowa a jikinta, abin da aka ɗauka kuwa an tafi da shi, sai dai a dage da addu'a. Suka kai ta Katsina, suka kai ta Kano. Likitoci suka leƙa maƙogwaronta suka ce lafiyarsa ƙalau. Tana ji, tana aiki, tana salla, in abu ya ba ta dariya kafaɗunta su yi ta girgiza, amma ko tari ta yi ba ya ƙara. Ta bar Islamiyya da kanta, don ba ta iya biya hadda.

Zakiyyu ya fasa na'urar da taɓarya ya ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Ya ɓamɓare kwalayen ƙwai daga bango, ya sami rumfa a kasuwa yana gyaran rediyo. Amma duk ranar da ba kasuwa sai ya hau babur, ba tare da Malam ya sani ba, ya shiga ƙauyuka yana tambayar tsofaffi ko akwai wanda ya san yadda Audi yake rufe kiɗansa. Mafi yawa sukan ce ba su taɓa jin sunan ba. Wasu su ce sun tuba, kada ya ja musu magana. Wani ya sa yara suka raka shi har bakin gari.

A shekara ta huɗu aka kwatanta masa wata tsohuwa, Maiturare, a wani ƙauye kusa da Baure, wadda a da take kaɗa butar duma ta kiɗa in Audi yana garaya. Ya same ta a kwance a bakin ɗaki, ido ya tafi, jikarta tana kore mata ƙuda. Ya gaya mata abin da ya kawo shi. Ta ce ta san shi, wane ne bai san sallamar Audi ba. Ta gyara kwanciya ta fara yi da hanci, a hankali, kuma nan take ya gane shi, shi ne. Ta yi gaɓa uku ta tsaya. Ta koma farko, ta zo wurin, ta sake tsayawa. Ta yi ta motsa baki. Daga baya ta ce ya yi haƙuri, ya ɓace mata, ya dawo wani mako ko zai faɗo mata.

Ya koma bayan mako guda. Ta tambaye shi ko shi ɗan wane ne, ta ce ita ba ta taɓa sanin wani Audi ba, ta roƙe shi goro.

Bayan la'asar ya iso gida, ya jingina babur a zaure. Hasana ta dube shi daga bakin murhu. Ya zauna a tabarma da ƙurar hanya a ƙafarsa. Adawiyya, wadda yanzu ta zama budurwa, sa'o'inta duk suna ɗakunansu, ta kawo masa ruwa da kwanon abinci ta ajiye. Ta ga bai taɓa ba. Ta durƙusa, ta ƙwanƙwasa murfin kwanon sau biyu da ɗan yatsa, wanda a gidan yanzu yake nufin a ci. Ya buɗe, ya sa hannu.